Lacca Kan Abin da Ke Faruwa a Cikin Batir

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai da ɗalibai da sauran mahalarta, da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa batir yana tara wutar lantarki ne kamar yadda randa take tara ruwa, alhali abin da ke cikinsa sinadarai ne, kuma ba sa haifar da wutar sai lokacin da aka neme ta.

Batir yana da ɓangarori biyu da aka yi da abubuwa mabambanta, da wani ruwa ko danshi mai sinadari a tsakaninsu. Ɓangare ɗaya yana sakin wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektaron, ɗayan kuma yana karɓarsu, sai dai ruwan da ke tsakani ba ya ba su hanya. Saboda haka dole su zagaya ta cikin waya, kuma wannan tafiyar tasu ita ce wutar da take kunna tocila ko rediyo. A kan wannan tsari Alessandro Volta, mutumin Italiya, ya haɗa batir na farko a shekarar 1800, inda ya jera faifan tutiya da na jan ƙarfe, ya raba su da ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri.

Bari mu tsaya a kan batirin mota, wanda Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro asalinsa a 1859. Ɗakuna shida ne a cikinsa, kowanne yana ba da kimanin volt 2 (volt shi ne ma'aunin ƙarfin wutar lantarki), shi ya sa ake ce masa mai volt 12. Yayin da yake aiki, asid ɗin da ke cikin ruwansa yana haɗuwa da farantan dalma, sai wani farin abu ya lulluɓe su, asid ɗin kuma ya yi rauni. Caji shi ne tura wuta ta baya domin a warware wannan haɗuwa. Idan aka bar batir ya daɗe babu caji, farin abin nan yakan taurare ya ƙi warwaruwa, kuma wannan ne yake kashe batura da dama na masu sola, ko da yake an fi ɗora wa kamfani laifi.

Haka kuma, idan ruwan batir ya ja baya, ruwa ne ya ragu, ba asid ba, don haka tataccen ruwa ake ƙarawa, ba na rijiya ba. A kuma nisanta wuta da taba daga wurin caji, domin iskar haidurojin da take fita tana iya fashewa.

Batirin wayar salula kuwa na litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, kuma babban abokin gabansa shi ne zafi.