Sharhi: Gwamnati ɗaya ce, me ya sa kowace hukuma ke sayen nata tsarin kwamfuta?

Jama'a masu sauraro, duk ɗan Najeriyar da ya mallaki hankalinsa ya san adadin layukan da ya bi don a ɗauki hoton yatsunsa. An ɗauka lokacin rajistar layin waya da hukumar sadarwa ta NCC ta fara a 2011. An sake ɗauka a banki bayan Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar tantance masu asusun banki ta BVN a 2014. Hukumar zaɓe ta INEC ta ɗauki nata, hukumar kiyaye haɗurra ta ɗauka don lasisin tuƙi, hukumar shige da fice ta ɗauka don fasfo, sannan ga hukumar NIMC mai ba da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Yatsun nan goma ne, ba su ƙaru ba. Kuma kuɗin da hukumomin gwamnati suka sayi na'urorinsu da manhajojinsu daga baitulmali ɗaya suka fito.

Wahalar ba ta tsaya ga bin layi ba. A banki an rubuta wa mutum Mohammed, a NIMC Muhammad, a katin zaɓe Muhammadu. Dattijon da bai san ranar haihuwarsa ba, wannan ma'aikaci ya sa masa 1 ga Janairu, wancan ya ƙiyasta masa wata shekara daban. Ranar da aka ce a haɗa bayanan, sai kwamfuta ta ce mutum uku ne. Daga nan sai zuwa kotu yin takardar rantsuwa, sai biyan kuɗin gyara, sai a ce masa ya dawo gobe domin yau babu sabis. An ga irin wannan cunkoso da idanu a ƙarshen 2020, lokacin da aka ba da umarnin haɗa layukan waya da NIN, mutane suka yi ta sammako a ƙofar ofisoshin rajista ana tsakiyar annobar korona.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Sabon tsarin kwamfuta sabuwar kwangila ce, da kuɗin horaswa, da kuɗin kula da shi duk shekara. Shugaban hukumar da ya ari tsarin da maƙwabciyarsa ke amfani da shi ba shi da abin da zai yanka wa ƙyalle a gaban 'yan jarida. Ga kuma kishi: kowace hukuma na kallon bayanan da ta tara tamkar gadon gidansu. Abin ya zama kamar unguwar da kowane gida ya haƙa rijiyar burtsatse tasa, alhali babban tanki ɗaya da bututu zai wadatar da kowa.

Ba wai gwamnati ba ta san da matsalar ba. Tun 2006 aka kafa kamfanin Galaxy Backbone domin ma'aikatu su riƙa amfani da hanyar sadarwa da rumbun bayanai na bai ɗaya. Dokar da ta kafa NIMC a 2007 ta ɗora mata alhakin daidaita rumbunan shaida da ke warwatse. Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA kuwa tana da hurumin tantance ayyukan fasahar zamani na ma'aikatu kafin a kashe kuɗi, kuma a 2019 ta fitar da ƙa'idar yadda tsare-tsaren gwamnati za su riƙa musayar bayanai. Takardu kam akwai su.

Kuma inda aka gwada da gaske, an ga amfani. A farkon 2016, da ma'aikatar kuɗi ta auna jerin masu karɓar albashi da lambobin BVN, ta sanar da cire sunayen ma'aikatan bogi fiye da 23,000. A lura, ba sabuwar na'ura aka sayo ba, abin da bankuna suka riga suka tara ne aka yi aiki da shi. Haka asusun bai ɗaya na TSA da aka tilasta a 2015 ya tattaro kuɗaɗen gwamnati da ke ɓoye a dubban asusu a bankunan kasuwanci.

Sai dai a nan akwai wurin taka-tsantsan, kuma masu kiran a haɗe komai ba su cika son a ambace shi ba. Tsarin albashi na IPPIS, wanda aka fara a 2007, an gina shi ne don ma'aikacin ofis. Da aka ƙaƙaba wa jami'o'i, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ce bai san malamin da ke koyarwa na wucin gadi a wata jami'a ba, bai san hutun bincike ba. Malaman suka ƙirƙiro nasu mai suna UTAS, rikicin ya shiga cikin dalilan yajin aikin wata 8 na 2022, kuma a Disamban 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. A ganina kuskuren ba na raba tsari ɗaya ba ne, na ƙin gyara shi ne ya dace da masu amfani da shi. Idan makullin manhaja yana hannun ɗan kwangila, kowane ɗan gyara sai an sake biya, to dole a yi ta jan ƙafa.

Ƙasar Estoniya, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, ta bi wata hanya tun 2001 da tsarinta na X-Road. Ba ta tara komai a rumbu guda ba. Kowace hukuma na riƙe da nata bayanan, amma akwai hanya amintacciya da suke tambayar juna, kuma ƙa'idarsu ita ce kada a tambayi ɗan ƙasa abin da ya riga ya faɗa wa gwamnati sau ɗaya. Mutum na iya shiga ya ga wane ofishi ne ya leƙa bayanansa. Finland ta ɗauki wannan manhaja ta yi amfani da ita, ba ta ji kunyar aro ba. Haka Maroko da Habasha da Filifin suka gina tsarin shaidar 'yan ƙasarsu a kan MOSIP, manhajar da aka ƙera a Indiya aka bar ta a buɗe ga mai so.

Batun ganin wanda ya leƙa bayananka ba ƙaramin abu ba ne. Haɗa rumbuna ba tare da tsaro ba sauƙaƙa wa ɓarawo aiki ne, don haka dokar kare bayanai ta 2023 sai ta yi aiki a kan hukumomin gwamnati kamar yadda take yi a kan kamfanoni.

Abin da ya rage na hannun masu rubuta kasafi ne, musamman a jihohi, inda ake maimaita abin da tarayya ta yi har sau 36. Abuja na da AGIS na rajistar filaye, Kaduna na da KADGIS, Kano na da KANGIS, Nasarawa na da NAGIS, alhali dokar filaye ta 1978 ɗaya ce ga kowa. Kafin majalisar dokokin wata jiha ta amince da kuɗin sabuwar manhajar haraji ko ta albashi ko ta asibiti, ta tambayi kwamishina ko ya bincika jihar da ke maƙwabtaka da shi tana da irinta. Sannan a rubuta cikin kowace kwangila cewa manhajar da aka biya da kuɗin jama'a mallakin gwamnati ce, har da asalin rubutunta, ta yadda Jigawa za ta iya miƙa wa Yobe ba tare da neman izinin ɗan kwangila ba.