Hatimin da Ke Jikin Kwalbar Bitamin: Me Yake Shaidawa, Me Ya Yi Shiru a Kai?

Ku ɗauko kwalbar bitamin ɗin da ke ajiye a ɗaki, ko gwangwanin garin furotin da ake damawa bayan motsa jiki. Ku juya bayanta ku karanta. An rubuta cewa kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram kaza na wannan sinadari, kaza na wancan. To, wa ya auna? Mafi yawan lokuta amsar ita ce: wanda ya haɗa kayan, wanda kuma yake son ku saya. Ɗan kasuwa kuwa ba ya kushe hajarsa.

Kada ku ɗauka zargi ne kawai. A 2017, masana a Jami'ar Guelph da ke Kanada sun gwada nau'i 31 na melatonin, ƙwayar da mutane ke sha don samun barci. A wata kwalbar, abin da aka samu ya gaza abin da aka rubuta da kashi 83 cikin ɗari. A wata kuwa ya zarce da kashi 478 cikin ɗari, wato mutum na shan ninki biyar da ɗoriya na abin da yake tsammani. A 2023 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani binciken a kan melatonin mai kama da alawa, irin wanda har yara ake bai wa. Cikin nau'i 25, guda 22 ba su dace da rubutun jikinsu ba. Guda ɗaya ma babu melatonin a cikinsa ko ƙwarzane.

Me ya kawo haka? Doka ce ta bar ƙofar. Ƙa'idoji sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma bari mu dubi Amurka, tunda daga can mafi shaharar hatiman da za mu yi magana a kansu suka fito. Maganin asibiti ba ya shiga kasuwa a can sai hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, ta ga hujjar cewa yana aiki kuma illarsa ba ta rinjayi amfaninsa ba. Amma a 1994 majalisa ta zartar da wata doka da ta ajiye bitamin, ma'adanai, tsirrai da makamantansu a ɓangaren abinci. Ma'ana, kamfani zai iya fito da kayansa ba tare da hukuma ta amince da shi tukuna ba. Hukuma na da ikon duba masana'antu, kuma a 2007 ta fitar da ƙa'idojin tsafta da ingancin sarrafawa da dole kamfanoni su bi. Sai dai galibi tana shigowa ne bayan kaya ya riga ya isa hannun jama'a. Tsiron ephedra, da ake sha don rage ƙiba, sai a 2004 aka haramta shi, bayan an daɗe ana samun rahoton bugun zuciya, shanyewar jiki da rasa rayuka.

Mai saye ke nan ya zama mai cinikin biri a sama. Wannan giɓin ne ƙungiyoyin gwaji masu zaman kansu suka shigo su cike. Ba su ne suka haɗa kayan ba, ba su ne ke sayar da shi ba. Aikinsu su kai shi ɗakin gwaji, su leƙa masana'antar, in ya cika sharuɗɗa su ba da izinin buga hatiminsu a jikin kwalba.

Dattijuwa a cikinsu ita ce USP, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin ingancin magunguna a Amurka. Likitoci 11 ne suka kafa ta a birnin Washinton a 1820, a zamanin da magani ɗaya kan zo da ƙarfi daban-daban daga wannan mai haɗawa zuwa wancan. Hatiminta mai ɗauke da kalmomin USP Verified yana shaida cewa abin da aka rubuta shi ne a ciki, kuma a adadin da aka rubuta. Yana shaida cewa gurɓatattun abubuwa irin su dalma, zaiba, maganin ƙwari da ƙwayoyin cuta ba su kai matakin cutarwa ba, kuma an haɗa kayan a masana'antar da ke bin ƙa'ida. Akwai kuma wani gwaji da mutane ba su cika tunawa da shi ba, wanda ni a ganina ya fi kowanne ban sha'awa: shin ƙwayar tana narkewa? Ana iya danne ƙwaya a injin har ta yi tauri kamar tsakuwa. Sinadaran duk suna nan cif-cif, amma ta shiga ciki ta fita ba ta saki komai ba. Don haka ake jefa ƙwayar cikin ruwa mai ɗumi daidai da na jikin mutum, a sa agogo, a ga ko za ta watse cikin lokacin da aka ƙayyade.

Maganar dalma kuma ba lallai sai da mugunta ba. Tsiro yana zuƙar abin da ke cikin ƙasar da ya tsiro. In ƙasar na da dalma, ganye da saiwa za su ɗauka, sannan a busar, a niƙa, a tattara su cikin ƙwaya. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, kuma taruwa take yi a jiki sannu a hankali. Ido ba zai gano ta ba, sai na'ura.

Ta biyu ita ce NSF, wadda aka kafa a 1944 a sashen kiwon lafiyar jama'a na Jami'ar Mishigan. Tana duba kusan abubuwan da muka ambata, bisa wani ma'auni mai lamba 173. Amma ta fi yin suna da hatiminta na 'yan wasa, Certified for Sport, kuma wannan yana da labari.

A farkon shekarun 2000, ɗakin gwaje-gwaje na birnin Kolon a Jamus, da tallafin kwamitin wasannin Olamfik na duniya, ya sayi nau'i 634 na kayan ƙarin gina jiki daga ƙasashe 13. Guda 94, kusan kashi 15 cikin ɗari, suna ɗauke da sinadaran ƙara tsoka da aka haramta wa 'yan wasa, kuma babu ambatonsu a jikin kwalba. Ga ɗan wasa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙa'idar hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ita ce: abin da aka samu a fitsarinka ko jininka, alhakinka ne. Cewa "ban sani ba" tana iya rage hukunci, amma ba ta goge sakamakon gwaji. Wani lokaci ma ba da gangan aka zuba ba. Injin da ya haɗa wani kaya da safe ne ya haɗa naka da yamma ba a wanke shi da kyau ba, kuma ɗan ɓurɓushin da ya rage ya isa ya dakatar da mutum daga wasa.

Saboda haka hatiman 'yan wasa suka fi tsanani. Certified for Sport na binciken haramtattun sinadarai sama da 200. Informed Sport, wanda kamfanin gwaji na LGC a Ingila ke gudanarwa, yana gwada kowane rukuni, wato kayan da aka haɗa a zubi ɗaya, kafin a sake shi kasuwa. Ku riƙe wannan kalma ta rukuni, za mu dawo gare ta.

ConsumerLab, da aka kafa a 1999, tata hanyar daban ce. Tana sayen kaya a kasuwa kamar kowane mai saye, ta gwada, ta buga wanda ya ci da wanda ya faɗi ga masu biyan kuɗin karatu. Tana kuma da tsarin da kamfani zai biya a gwada kayansa.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin kuskure, kuma don shi aka yi wannan bayanin. Hatimi shaida ne a kan abin da ke cikin kwalba. Bai ce kayan zai yi muku maganin komai ba. In kamfani ya rubuta cewa akwai miligiram 500 na wani ganye, aka auna aka samu 500, ba dalma, ba ƙazanta, to zai iya samun hatimi, ko da kuwa babu binciken da ya nuna ganyen na da wani amfani. Haka nan hatimi bai san ku ba. Bai san mai juna biyu ba, wadda yawan bitamin A irin na retinol zai iya cutar da ɗan da ke cikinta. Bai san mai shan maganin tsinka jini na wafarin ko ƙwayar tsarin iyali ba, waɗanda tsiron nan St. John's wort ke rage musu ƙarfi. Tsiron na iya zama tsarkakakke ɗari bisa ɗari, ya kuma ɓata aikin maganin da rayuwar mutum ta dogara a kai. Wannan hukuncin na likita ne ko masanin haɗa magunguna, wanda ya san sauran abin da kuke sha.

Sai kuma maganar wa ke biya. Kamfani ne ke kai kansa, shi ne kuma ke biyan kuɗin gwaji. Wani zai ce ai an koma gidan jiya. Tambayar na da tushe, amma ni ban ɗauke ta a matsayin mai rusa tsarin ba. Jarin ƙungiya irin USP ko NSF sunanta ne, ranar da aka kama ta tana sayar da hatimi, ranar hatimin ya zama banza. Abin da ya fi dacewa a fahimta shi ne, tunda tsarin na ganin dama ne kuma yana da tsada, yawancin kayan da ke kasuwa ba su da hatimin kowa. Rashinsa bai nuna kayan jabu ne ba. Ya dai nuna maganar kamfani kaɗai kuke da ita.

Masu talla sun san mutane na neman zagayayyen tambari mai launin zinare, sai suka koyi zana nasu. Za ku ga an rubuta "an gwada a ɗakin gwaji", ba a faɗi wane ɗaki ba, ba a faɗi me aka nema ba. Za ku ga an ce masana'antar na da rajista da FDA. Rajista shigar da suna da adireshi ne cikin kundin hukuma, wajibi ne a kan kowa, ba yabo ba ne. Tambarin GMP, in ma na gaskiya ne, yana magana ne a kan tsarin aikin masana'anta, ba a kan wannan kwalbar da ke hannunku ba. Wanda ya fi ruɗarwa shi ne haruffan USP su kaɗai kusa da sunan sinadari. Wannan iƙirarin kamfani ne cewa ya bi ma'aunin ƙungiyar. Ba daidai yake da hatimin da ƙungiyar ta bayar bayan ta gwada da kanta ba.

Inda ungulu da kan zabo ya fi yawa kuwa sananne ne. Wani bincike da aka buga a 2018 ya bi kundin gargaɗin FDA daga 2007 zuwa 2016, ya ƙirga kayayyaki 776 da aka ɓoye maganin asibiti a cikinsu. Kusan dukkansu daga gida uku suka fito: na ƙarin ƙarfin maza, na rage ƙiba, da na gina tsoka. A na farko an fi samun sildenafil, maganin asibiti na ƙarfin maza, wanda in ya haɗu da maganin ciwon zuciya na naitiret zai iya faɗar da hawan jini zuwa matakin halaka. A na biyu, sibutramin, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. A jikin kwalba kuwa hoton ganye ne shar, da alkawarin cewa zallar tsiro ne. Kyan ɗan maciji. Mai shan irin wannan zai rantse yana aiki, kuma gaskiyarsa, domin magani ne na sosai yake sha, a adadin da bai sani ba.

Shi kansa gwajin ma sai an san yadda aka yi shi. A 2015 babban lauyan jihar Niyok ya sanar cewa an gwada kayan tsirrai daga manyan shaguna huɗu ta hanyar neman ƙwayar halittar tsiron, wato DNA ɗinsa, kuma kusan huɗu cikin biyar ba a ga alamar tsiron da aka rubuta ba. Labarin ya tayar da ƙura. Sai masana da dama suka ce a dakata: tsiron da aka tace da zafi ko da sinadari yana iya rasa ƙwayar halittarsa alhali sinadarin da ake nema yana nan. Shi ya sa ake tambayar ko ɗakin gwajin yana da shaidar ƙwarewa ta ISO 17025, da kuma ko hanyar da ya bi ta dace da irin kayan.

To, yaya za ku tabbatar? Hatimi hoto ne, kowace na'urar ɗab'i za ta iya buga shi. Gani ya kori ji: USP, NSF da Informed Sport duk suna da jerin kayan da suka amince da su a shafukansu na intanet, kuma dubawa kyauta ce. Ku rubuta sunan kayan ku nema. Ku lura sosai, domin hatimi na kaya ɗaya ne, ba na kamfani gaba ɗaya ba. Bitamin D ɗinsu na iya samun shaida, man kifinsu bai samu ba. In kayan 'yan wasa ne, ku nemo lambar rukuni, wadda galibi ake bugawa kusa da ranar ƙarewar wa'adi ko a gindin gwangwani, ku gwada ta da wadda ke shafin. In kamfani ya nuna muku takardar sakamakon gwaji, ku duba sunan ɗakin gwajin, kwanan wata, da lambar rukunin. Takardar rukunin bara ba ta shaidar na bana.

Kuma gwajin ya tsaya ne a ranar da aka yi shi. Man kifi yana lalacewa in ya sha zafi da haske, ƙananan halittu masu rai da ake sha don amfanin hanji suna mutuwa in ajiya ta yi muni. Don haka bayan hatimi, ku duba murfin ko a rufe yake da marufinsa na asali, ku duba wa'adi, sannan ku karanta layin da ya faɗi inda ya kamata a ajiye kwalbar.