Malamin Lakwal da Nauyin da Yake Ɗauke da Shi

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai ƴan uwana, ina yi muku sannu da zuwa.

Zan fara da aji, domin nan ne aikin yake. Ku dubi mushen da aka ba CI, wato ajin farko na firamare. Yara sun cika ɗaki har bakin ƙofa, da yawa a tabarma, kuma ba wanda ya taɓa jin Faransanci a gidansu. Da shi kuwa ake so ya koyar da su. Ya yi ta ɗaga murya tun ƙarfe takwas, ƙurar alli na shiga maƙogwaro. Da dare wasu na hira, shi yana duƙe da tocila yana gyaran kaye yana shirya darasin gobe. Wannan aikin na dare, ba mai ganinsa balle ya biya shi.

Idan ajin zana ne, sai tsoro ya ƙaru a kan gajiya. Mu mutanen Maraɗi ba mu manta watan Nuwamba na 2021 ba, ranar da wuta ta kama azuzuwan zana a cikin garin nan, yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Malamin da ke koyarwa a zana, ido ɗaya a allo, ɗaya a kan iska.

Sai kuɗi. Yawancin masu riƙe da azuzuwanmu ƴan kwantaragi ne. Abin da ake ba su kaɗan ne, kuma sau da yawa yakan makara. Wanda aka tura ƙauyen Dakoro ko Mayahi sai ya hau kabu-kabu ya shigo gari ya karɓa, ya tarar mai kanti na jiransa da littafin bashi. A wasu ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji ga fargabar masu satar mutane. Sai mu ce mushe ba ya zama wurin aiki! Ku gaya mini, da me zai zauna?

Biyan kuɗi kan lokaci da gina azuzuwan siminti haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma akwai abin da ke hannunmu yau. Kwamitin CGDES na kowace lakwal, wato kwamitin iyaye da malamai mai kula da tafiyar da ita, tare da maigari, su samar wa baƙon malami ɗaki kafin a koma karatu a watan Oktoba, kada ya zo ya kwana a aji. Iyaye mata su riƙa bin sawun yaran da ke fashi ranar kasuwa, su sauke masa wannan. Taron CAPED kuma, inda malaman yanki ke haɗuwa don ƙara wa juna sani, ya koma wurin da tsohon malami zai zaunar da sabo ya nuna masa yadda ake raba babban aji rukuni-rukuni, masu ƙoƙari su ja na baya.

Ku kuma sufetoci, ranku ya daɗe, in kun je ƙauye ku fara tambayar malamin inda yake kwana da inda yake samun ruwa, sannan ku buɗe takardunsa.