Kwamitin Wucin Gadi a Majalisar Ƙaramar Hukuma: Lacca Kan Lambatu da Kududdufan Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu masu unguwanni, Allah ya ƙara muku lafiya. Kansilolin da suka samu zuwa, iyaye mata da ke wancan ɓangaren, da ku matasa, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla.

An nemi in yi magana a kan yadda majalisar ƙaramar hukuma ke kafa kwamitin wucin gadi domin ya duba wata matsala guda ɗaya. Abu huɗu zan faɗa in lokaci ya bari: dalilin kafa shi, waɗanda za su zauna a ciki, wa'adinsa, sai abin da ake yi da rahotonsa.

Na farko. Majalisa tana da kwamitocinta na dindindin, na kuɗi, na ayyuka, na lafiya, na ilimi. Waɗannan suna nan har majalisar ta sauka. Amma akwai matsalar da in ta zo ba ta tsayawa a tebur ɗaya. Ku ɗauki ambaliya. Lambatu na sashen ayyuka ne. Sharar da ta toshe shi ta masu duba-gari ce. Amai da gudawar da ke biyo baya na sashen lafiya ne. Ginin da aka ɗora a kan hanyar ruwan kuwa maganar ƙasa ce. In ka je wajen wannan ya tura ka wajen wancan, damina ta wuce, wata ta zo. To a nan ne kansila zai miƙe a zauren majalisa ya gabatar da ƙuduri, wani ya mara masa baya, a kafa kwamiti ƙarami, mutum biyar ko bakwai, a ce ga tambaya ɗaya ku je ku kawo amsarta. Ɗaya fa, jama'a. Kada a ce ku duba matsalolin muhalli, wannan sai a shekara ana dubawa. A ce: me ya sa ruwa ke shiga gidajen mazaɓa kaza, kuma me za a iya yi kafin watan Yuni?

Kuma kada wani ya ce muku ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukanta: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mahauta, kwashe shara, sanya wa tituna suna, da gini da gyaran magudanan ruwa. A rubuce yake, magudanan ruwa.

Tun da na ambaci ruwa, ku yi mini haƙuri in tsaya a nan, domin abin na damuna. Dattawa da ke wannan layi na gaba sun san abin da zan faɗa. Birnin Kano da ƙasa aka gina shi, gidaje da soraye da ganuwa. Duk inda aka haƙi ƙasar tubali rami ya zauna, ramin ya zama kududdufi. In an yi ruwa, na unguwa ya gangara ya faɗa kududdufin, ya zauna, ƙasa ta riƙa shanye shi sannu a hankali. Rarar ta bi rafin Jakara, ta wuce ta gefen Kasuwar Kurmi, ta ratsa Fagge, ta nufi Wasai can ƙasar Minjibir. Tsari ne fa, ko da ba injiniya ne ya zana shi ba. Yau ina kududdufan? An fara da zuba shara, shara ta cike rabi, aka kawo tifa-tifa na ƙasa aka ƙarasa, aka yanka filoti, aka yi shaguna. Ruwan sama kuwa bai ragu ba. Ga siminti ko'ina, tsakar gida siminti, ƙofar gida siminti, ruwan da da can ƙasa ke sha yanzu titi yake fitowa. Ina zai je? Ɗakin talaka zai je. Kuma ba talaka kaɗai ba: kun ga abin da ya faru a Kantin Kwari a daminar 2022, ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa atamfa da shadda da yadi, mutane suka yi asarar jarin shekaru.

Malam na ga kana girgiza kai, naku ma an cike ko? To ka ji. Kusan kowa a ɗakin nan zai iya nuna inda na unguwarsu yake a da.

Wannan ne ya kawo ni ga waɗanda za su zauna a ciki. Kansiloli su ne 'yan kwamiti, domin su aka zaɓa, su ke da ƙuri'a a zaure. Amma in suka zauna su kaɗai a sakatariya da fanka a kansu, ba abin da za su gano. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gayyato mai unguwa, shi ya san filin da kududdufi ne a da, ya san shekarar da aka cike shi. A gayyato tsohon magini. A gayyato matasan da ke yashe lambatu da hannunsu ranar aikin gayya, su suka san kwalbatin da ya karye daga ciki. A kira injiniyan ƙaramar hukuma ya zo da awonsa. Mata kuma, Hajiya ki gaya musu in kin koma, kada a ce an ji ta bakinsu ta hanyar mazajensu. A sa rana ta musamman, a tura mata su saurare su, domin wadda ta kwana tana kwalfe ruwa da bokiti ita ta san ƙarfe nawa ya shigo, kuma ta wace kusurwa.

Kuma su fita ana ruwa. Ina maimaitawa, su fita ana ruwa! Kwamitin ambaliya da ya je zagaye a watan Maris, rana na ƙwallewa, lambatu a bushe, me zai gani? A saya musu takalmin roba, ya fi alawus ɗin zama amfani. (dariya) Da gaske nake. In ka tsaya a bakin layi ana tsuga ruwa, cikin kwata ɗin awa za ka ga inda yake juyawa ya koma baya, ka ga bangon da ya tare shi.

Na biyu... a'a, na biyun ke nan muka yi. To wani abu da ban sa a lissafi ba. Ruwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Ƙwaryar birnin nan takwas ce: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso, Ungogo. Wanda ke tudu ya yashe nasa, ruwan ya sauko da ƙarfi kan na gangare. Saboda haka kwamitin wannan majalisa ya rubuta wa maƙwabciyarta tun farko, su yi zagaye tare. Sannan ya san iyakar ikonsa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, don haka kansila ba zai soke takardar fili ba, ba zai rushe shago ba. Abin da zai iya shi ne ya rubuta wuri kaza da wuri kaza, da hotuna, majalisa ta aika wa hukumar tsara birane ta jiha da sunanta. Takardar majalisa ta fi koken mutum ɗaya nauyi.

Ana nuna mini agogo. Wa'adi: a rubuta ranar ƙarewa a cikin ƙudurin, mako shida ko takwas, in ta cika kwamiti ya miƙa rahoto ya watse. In aka bar shi ba rana, alawus zai riƙa tafiya, aiki ya tsaya. Rahoto kuma a karanta shi a zaman majalisa, a yi muhawara, a manna kwafi da Hausa a sakatariya da ƙofar gidan dagaci, abin da ke buƙatar kuɗi ya shiga kasafin shekara mai zuwa. Na ƙarshen ke nan. Akwai mai tambaya? Ɗan samari, a ba shi abin magana.

Tambaya: Malam, mu abin da muka saba gani shi ne gwamna ya naɗa kantoma da kwamitin riƙo a ce na wucin gadi ne. Ba shi kake nufi ba?

Allah ya yi maka albarka, gara da ka yi tambayar nan. A'a, ba shi ba ne, kuma kada a haɗa su. Wanda nake magana a kai, zaɓaɓɓun kansiloli ne ke kafa shi daga cikinsu, kuma gabansu yake komawa. Na riƙo kuwa majalisar gaba ɗaya yake maye wa gurbi, wanda ya naɗa shi kaɗai yake saurare. Sashe na 7 na tsarin mulki zaɓaɓɓiyar majalisa ya lamunce wa ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar: gwamnoni ba su da ikon maye zaɓaɓɓu da kantomomi, kuma kuɗin ƙananan hukumomi 774 a biya su kai tsaye, a daina riƙe su a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Yadda ake aiwatar da maganar kuɗin, wannan lacca ce ta daban, kuma ina da abin faɗi a kai. Amma nan Kano an yi zaɓe a watan Oktoban 2024, ƙananan hukumomi 44, mazaɓu 484, kowace da kansilanta. Kai ma kana da naka. Ku rubuta masa takarda tun yanzu da rani, mai unguwa ya sa hannu, ku nemi ya gabatar da ƙudurin. Ku kai kwafi ofishin akawun majalisa a buga muku hatimin karɓa, ku tambayi ranar zama, ku je ku zauna. Hajiya, na ga hannunki a sama, a miƙa mata.