Akwati fanko da akwatin sifili: inda matsakaici ke rikita mutane a Excel

Assalamu alaikum masu kallo. Tambaya ɗaya ce ke ta yawo kwanan nan: mutum biyu sun shigar da makin ɗalibai iri ɗaya a Excel, wannan ya samu matsakaici 75, wancan ya samu 60, kowa kuma yana rantsuwa nasa ne daidai. To bari mu buɗe shafin mu gani.

Mu fara da masu sauƙi. Makin na daga B2 zuwa B6. MIN zai ba ku mafi ƙanƙanta, MAX mafi girma, MEDIAN wanda ke tsakiya idan an jera su, STDEV.S kuma yadda lambobin suka warwatsu. MODE na neman wanda ya fi maimaituwa, a nan kuwa babu wanda ya maimaitu, shi ya sa kuka ga #N/A, kada ku tsorata. Ku dakatar da bidiyon ku kwafe fomulolin.

Yanzu ga inda ake tuntuɓe. Ɗalibai biyar ne: 80, 70, 60, 90, na biyar bai zo jarrabawa ba, akwatinsa fanko. Na rubuta AVERAGE, fomular matsakaici. 75. Excel ya tara 300 ya raba gida 4, domin akwatin da babu komai a ciki, ko kallonsa ba ya yi.

Ku zuba ido a kan B6, zan sa 0. Kun gani? Ya koma 60. Jimillar tana nan 300, amma yanzu an raba gida 5. Bari in goge sifilin. 75. In mayar. 60. MEDIAN ma ya motsa, daga 75 zuwa 70.

Don haka kafin ku taɓa wannan akwati, ku tambayi kanku: yaron nan ya zauna jarrabawa bai ci komai ba ne, ko kuwa bai zo ba sam? Idan ya rubuta bai samu ko ɗaya ba, ku sa masa 0, makinsa ne. Idan kuwa rashin lafiya ta hana shi zuwa, ku bar wurin fanko. Ni dai abin na damuna ƙwarai idan na ga ana cike guraben da sifili don kawai tebur ya yi kyan gani. Maki 15 aka zaftare wa aji guda saboda kwalliya!

Akwai kuma wani ɓoyayyen tarko. Na sake goge sifilin, B6 ya koma fanko. Ku kalli 90 ɗin nan, ta makale a gefen hagu, ga ɗan koren alama a kusurwarta ta sama. An kwafo ta ne daga wani wuri, Excel ya ɗauke ta a matsayin rubutu. AVERAGE ya tsallake ta shiru, ya ba mu 70. Yadda za ku kama ta: ku rubuta COUNT da COUNTA kusa da juna. COUNT lambobi kaɗai yake ƙirgawa, ya ce 3. COUNTA na ƙirga duk akwatin da ke da wani abu, ya ce 4. Da zarar sun saɓa, akwai lambar da ta ɓace muku. Ku danna alamar gargaɗin, ku zaɓi Convert to Number, shi ke nan. Masu amfani da Google Sheets, AVERAGE ɗinku ma haka yake tsallake fanko da rubutu.

Wanda ke son komai a tebur ɗaya, sai ya kunna Analysis ToolPak, wato ƙarin kayan aikin lissafi na Excel, ya shiga Data Analysis, ya zaɓi Descriptive Statistics, ya sa alama a Summary statistics. Ku fara duba layin Count a ƙasa, ku tabbata ya yi daidai da yawan ɗalibanku da suka zauna jarrabawa. Wannan teburin ba ya sabunta kansa, idan kun canza ko maki ɗaya, sai kun sake fitar da shi.