Mai Gemu Ya Ƙi Cin Abinci

Nasiru: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Daga Ƙofar Ƙaura muke, ni da Kawu da Dakta, kuma yau ni ne mai kuka. Kadangarena kwana 9 bai sa komai a baki ba.

Kawu: Ikon Allah! Ga jan gwada nan fal a kan katanga kyauta, kai sai na Ostiraliya ka sa kuɗi ka saya.

Dakta: Kawu, ai ba jinsi ɗaya ba ne. Wannan shi ne mai gemu, ɗan busassun yankunan tsakiyar Ostiraliya, kuma in ya samu kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15. Nasiru, bar maganar abinci tukuna. Zafin akwatinsa nawa ne?

Nasiru: Gaskiya ban auna ba. Wuta ce ba ta zama, wani lokaci kwan fitilar da ke ɗuma akwatin ya wuni a kashe.

Dakta: To ga inda gizo ke saƙa. Jikinsa ba ya samar da ɗumi, aro yake yi daga waje. Inda yake kwanciya ya sha zafi ana so ya kai digiri 38 zuwa 42, ɗaya gefen kuma kamar 25, don ya samu wurin hucewa. In ba haka ba abinci ba ya narkewa, zama yake yi a ciki ya ruɓe. Ƙin cin nan da ya yi, ya fi ka sanin cikinsa ne.

Kawu: Ni ma a hunturun nan ko kunu sai an ɗuma mini.

Dakta: Sai kwan UVB, wato mai ba da wani nau'in hasken rana da ido ba ya gani. Da haskensa jiki ke haɗa bitamin D3, shi kuma ke sa kalsiyam ya shiga ƙashi. Matsalar, bayan wata 6 zuwa shekara kwan yana ci gaba da haske amma ƙarfin ya tafi.

Nasiru: Ai na kai akwatin bakin taga.

Dakta: Gilashi yana tare UVB, aikin banza ka yi. Ga rana Allah Ya hore mana a Katsina. Da hantsi ka fito da shi tsakar gida kamar rabin awa, da inuwa kusa. Kada ka fito da shi cikin akwatin gilashi, zafi zai kashe shi. Kuma ka zauna tare da shi, saboda mage da shirwa.

Kawu: Wato ya zama mai gadin kadangare.

Nasiru: Kawu, ka bari mana. Dakta, an ce suna yin dogon barci lokacin sanyi, ko shi ne?

Dakta: Yana yiwuwa, in ya haura shekara. Yakan ɓuya, ya daina ci har makonni. Sikeli ne zai raba gardama. Ka riƙa auna shi duk mako a ƙaramin sikelin giram, ka rubuta. Mai barcin sanyi nauyinsa kusan ba ya motsi, marar lafiya kuwa zubewa yake yi. In ka ga ido ya faɗa, haɓa ta yi laushi, ƙafafu na rawa, ko gemun ya yi baƙi ya ƙi washewa, ba barci ba ne. Me ka shimfiɗa mishi?

Nasiru: Yashi. Na ga ɗan hamada ne.

Dakta: Kwashe shi yau, ka sa takarda ko tayil. Yana haɗiye yashi tare da abinci, ga sanyi, sai hanji ya toshe, har ka ga yana jan ƙafafun baya. Ka zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi iya kafaɗa, minti 15. In ya yi kashi ka kai asibitin dabbobi a duba tsutsar ciki. In abin ya gagara a nan, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Kawu: A sayo mishi soyayyar fara mana, mai yaji. Ko gawa ta ji ƙanshin sai ta motsa.

Dakta: Kawu, wannan taka ce. Shi mai rai yake ci, fara ko gyare, wadda ba ta fi tsakanin idanunsa girma ba, a barbaɗa mata garin kalsiyam. Ta gona kuma a yi hattara, ana feshi. Babba ya fi buƙatar ganye da kayan lambu, irin su kabewa da kuɓewa. Latas kusan ruwa ne zalla, alayyahu kuma kaɗan, don yana riƙe kalsiyam.

Nasiru: In ɗura mishi da sirinji?

Dakta: A'a, sai likita ya nuna maka, kada ya sarƙe ya shiga huhu. Kuma ka wanke hannu da sabulu in ka taɓa shi, suna ɗauke da salmonela, ƙwayar cuta mai sa gudawa, ga yara a gida.

Kawu: To kwan zafin fa, in an ɗauke wuta?

Nasiru: Shi ne nake tunanin solar ɗakinka, Kawu.

Kawu: Au, da ma abin da ya sa aka gayyato ni ke nan? Kashe na'urar nan mu yi magana.