Yadda Bairos ɗin Lassa Ke Shiga Ƙwayar Halitta

Da rani ya shigo, zancen zazzaɓin Lassa ya dawo, sai ga bidiyoyi ana ta turawa a WhatsApp: wai ƙwayar cutar tana huda naman mutum kamar tsutsa a goro. To, jama'a, ba haka abin yake ba.

Ku ɗauka ga wani ɗan mitsitsin dunƙule a gabanku. Shi ne bairos ɗin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Ba baki, ba ƙafa, ko motsi ba ya iyawa. Fitsari ko kashin ɓera ne ke kawo shi cikin abinci, ya shiga jiki. Akwai wasu ƙayoyi a jikinsa, su ke manne wa wani furotin mai suna alfa-distiroglaikan a fatar ƙwayar halittarmu, wato ɗaya daga cikin 'yan mitsi-mitsin tubalan da suka gina jikinmu. Kada sunan ya dame ku, ni ma sai da na maimaita.

Yanzu ku natsu, nan ne wurin. Ya manne, amma bai shiga ba, kuma ba shi da ƙarfin shiga. Ƙwayar halittar ce da kanta take lanƙwaso fatarta, ta naɗe shi cikin 'yar jaka, ta haɗiye. Kamar ɓarawon da ya kwanta cikin buhu, masu gida suka ɗauke shi da hannunsu suka kai ɗaka.

Ina za ta kai shi? Wurin da take narkar da shara. Jakar tana nutsawa ciki, ruwanta yana ƙara tsami, don duk abin da ke ciki ya narke. Shi kuwa gogan naka tsamin yake jira. Da ya ji shi, sai ƙayar ta sauya siffa, ta saki furotin na farko, ta kama wani na biyu da ke jikin jakar, LAMP1. Sai a 2014 masu bincike suka bayyana wannan sauyin. Shi ya warware wata tsohuwar tambaya ma: me ya sa bairos ɗin ke kasa kama ƙwayoyin halittar kaza? Ashe LAMP1 ɗin kaza bai dace da ƙayarsa ba.

Ga shi nan, fatarsa ta haɗe da fatar jakar, kafa ta buɗe, ya zazzage kayan gadonsa, wato umarnin ƙera irinsa, a cikin ƙwayar halittar.

Sauran a gurguje. Furotin huɗu kacal yake da umarnin yinsu, komai na ƙwayar halittar yake ara, ta ƙera masa 'ya'ya, su tsattsago waje, su nemi ta gaba.

Shi ya sa masu sayen kafso a kemis da zarar jiki ya yi zafi suke ba ni haushi. Wannan maganin bakteriya ne, babu abin da zai taɓa a nan. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a tafi asibiti da wuri, a kuma rufe abinci daga ɓera.